Sharhi: Yanka Gonaki Zuwa Fulotai A Yankin Funtuwa Da Malumfashi, Da Nauyin Da Ke Kan Majalisun Ƙananan Hukumomi

Duk wanda ya daɗe bai bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi ba, abin da zai fara jan hankalinsa a yau shi ne duwatsun awo da tarin bulo a wuraren da ya sani da masara da dawa da auduga. Haka abin yake idan aka fita Funtuwa ta hanyar Zariya, ko ta hanyar Gusau, ko ta hanyar Ɗandume. Gonar da magidanci ya gada daga kakanninsa, a cikin rani ɗaya sai a wayi gari an ja mata igiya an yanka ta fuloti-fuloti, kafin damina ta kewayo har an fara zuba harsashi. Wannan al'amari ne ya sa muka ga ya dace mu yi nazari a kan tambayar da manoma da masu unguwanni suke yawan yi mana idan muka fita rangadi, wato shin wane ne yake da ikon yanke shawara a kan abin da za a yi da fili, kuma mene ne aikin majalisar ƙaramar hukuma a ciki.

Ba abin mamaki ba ne garuruwan nan biyu su bunƙasa. Tun zamanin Turawa, lokacin da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, yankin ya zama matattarar fatake da leburori da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan. A shekarar 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya kawo hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da iri, ya kuma taimaka ƙwarai wajen mayar da masara babban amfanin gonar yankin. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Funtuwa tana da mutane sama da 225,000, ita kuwa Malumfashi sama da 182,000, kuma kowa ya san an hayayyafa sosai tun daga wancan lokaci. Bugu da ƙari, matsalar 'yan bindiga ta tilasta wa iyalai da dama daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara komawa cikin gari neman mafaka. Sannan ga tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a watan Mayun 2024, wadda ta ƙara wa filayen bakin hanya daraja a idon masu neman wurin gina rumbunan ajiya da wurin tsayawar manyan motoci. Jama'a dai dole su samu wurin zama, kuma ba wanda zai zargi mai neman muhalli. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yankan, da kuma abin da ake mantawa da shi a lokacin yankan.

Idan za a iya tunawa, a ranar 29 ga watan Maris na shekarar 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi a wannan fanni, domin kuwa sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya ta yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. Ga mutanen Arewa dokar ba baƙuwa ba ce ƙwarai, saboda ta ɗauko abubuwa da yawa daga dokar filaye ta Jihar Arewa ta shekarar 1962. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne, dukkan ƙasar da ke cikin jiha amana ce a hannun Gwamna domin amfanin jama'a. Daga nan sai ta raba ƙasar gida biyu. Wuraren da Gwamna ya ayyana a matsayin birane suna ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye, tare da kwamitin da ke ba shi shawara kan rabon filaye. Sauran ƙasar kuwa, wato gonaki da ƙauyuka da dazuzzukan da ba su shiga cikin da'irar birni ba, kulawarsu tana hannun ƙaramar hukuma, ita ma da nata kwamitin bayar da shawara kan rabon filaye, wanda Gwamna ke naɗawa bayan ya tuntuɓi ƙaramar hukumar.

A nan ne muke son jami'an ƙananan hukumomi su tsaya su duba da kyau, domin ikon da sashe na 6 na dokar ya ba su ba ƙarami ba ne. Ƙaramar hukuma tana iya bai wa mutum ko ƙungiya takardar haƙƙin zama ta gargajiya domin noma ko gina gida, har zuwa hekta 500 idan na noma ne, ko hekta 5,000 idan na kiwo ne, kuma sai abin ya wuce haka ake buƙatar amincewar Gwamna. Haka kuma tana iya karɓar fili domin aikin da zai amfani jama'a, kamar makaranta ko asibiti ko kasuwa. To amma dokar ba ta bar manomi haka nan ba. Ta wajabta a biya shi diyyar abin da ya kashe wa filin, kamar gini ko rijiya ko shuke-shuke, kuma idan gona ce yake nomawa, ta ce ƙaramar hukuma ta ba shi wani filin da zai ci gaba da noma. Idan ƙaramar hukuma ta ƙi biya ko ta yi jan ƙafa, Gwamna yana da ikon sa a ƙiyasta diyyar ya umarce ta ta biya. Manoma ƙalilan ne suka san da wannan tanadi na musayar gona, kuma a ganinmu rashin saninsa ya jawo wa gidaje da yawa asarar da ba ta zama dole ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Diyyar da dokar ta tanada ba kuɗin ƙasar kanta ba ne, kuɗin abin da ke kanta ne. Wannan ne ya sa manomin da gonarsa ke bakin gari, da zarar ya ji ƙishin-ƙishin cewa awon gwamnati na tafe, sai ya yi sauri ya kira dillali su yanka ta da kansu su sayar, domin ya san abin da zai samu a hannun masu saye ya ninka abin da za a ƙiyasta masa a kan 'yan itatuwan mangwaro da ɗorawa. Wannan shi ne asalin abin da jama'a ke kira awon igiya. Sashe na 36 na dokar ya hana a yanka irin wannan gona ta karkara zuwa fulotai, har ma ya yi tanadin tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. A shekarar 1978 wannan tara kuɗi ne mai yawa, a yau kuwa ko buhun siminti ɗaya ba za ta saya ba. Saboda haka duk wanda yake tsammanin tsoron tara ne zai hana awon igiya, to bai san halin da ake ciki ba.

Shi awon igiya, mai gona da dillali kowane taƙi na ƙasa kuɗi ne a wurinsu, don haka ba su da dalilin barin hanya mai faɗi, balle filin makaranta. Akan bar lungu wanda da ƙyar amalanke zai wuce, motar kashe gobara kuwa sai dai ta tsaya a bakin titi. Ba a barin hanyar ruwa, alhali kudancin jihar nan ya fi kowane sashe nata samun ruwan sama, ga ƙasar tana da laka mai riƙe ruwa. Kwarin da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni shi ma sai a cike shi da shara a sayar. Bayan shekara biyar ko goma, unguwa ta cika da jama'a, sai a tashi neman aji biyu na firamare, ko ƙaramin asibiti, ko rijiyar burtsatse, a rasa inda za a aza su. Maƙabarta kan cika a rasa wurin faɗaɗa ta, domin gidaje sun riga sun kewaye ta ta ko'ina. A lokacin ne za a dunguma zuwa sakatariya ana kuka da shugaban ƙaramar hukuma, alhali ranar da aka ja igiyar farko ba wanda ya sanar da majalisa, ita ma majalisar ba ta aika kowa ya duba ba.

Dangane da tsara birane, Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta shekarar 1992 ta yi tanadin hukumomi a matakai uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da gwamnatin Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A nan Jihar Katsina, Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta jiha ita ke duba zanen gini da bayar da izini a garuruwan da ke ƙarƙashin kulawarta, kuma a zamanin Mai Girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa an kafa hukumar KATGIS domin adana bayanan filaye a kwamfuta da sauƙaƙa fitar da takardun mallaka. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, musamman wajen rage sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu. Sai dai kwamfuta abin da aka kai mata shi take adanawa. Gonar da aka yanka a bayan gari da takardar hannu da shaidu biyu, ba za ta bayyana a cikinta ba sai ranar da rigima ta tashi.

Mafi yawan matsalar tana faruwa ne a kan iyaka, wato inda da'irar birni ta ƙare karkara ta fara. Ma'aikacin jiha yana ganin wurin ƙauye ne, na ƙaramar hukuma ne. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma yana ganin gari ya riga ya cim ma wurin, ya zama na jiha. Shi kuwa mai saye yana ganin tunda mai unguwa ya sa hannu, magana ta ƙare. Ya kamata a fahimci cewa shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi tana da muhimmanci ƙwarai, domin su ne suka san tarihin kowace gona, suka san wadda take ta gado da ba a raba ba, da wadda aka bayar aro, da wadda ke jingina. A ƙasar Sarkin Maska da ƙasar Galadiman Katsina, kamar sauran gundumomin masarautar, rigingimun gona da yawa a zauren hakimi suke mutuwa ba tare da an je kotu ba. Amma a ƙarƙashin dokar 1978 sa hannun basarake shaida ce, ba ita ce takardar haƙƙin zama ba, kuma ba ta zama izinin yanka unguwa. Abu mafi sauƙi da kowace majalisa za ta iya yi, ba tare da kashe wani kuɗi mai yawa ba, shi ne ta nemi taswirar iyakar da'irar birni daga ma'aikatar filaye ta jiha, ta manna ta a sakatariya da fadar hakimi, a kuma karanta wa masu unguwanni sunayen wuraren da suka shiga da waɗanda ba su shiga ba.

Mun daɗe a kan batun fili ne saboda shi ne tushen ɗaya ɓangaren aikin majalisa, wato ayyukan raya al'umma. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma idan mai karatu ya duba zai ga kusan kowannensu yana buƙatar wuri: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, hanyoyi da magudanan ruwa, wuraren zubar da shara, sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, sannan da taka rawa wajen ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Majalisar da ba ta tanadi fili ba, ko an ba ta kuɗi, rabin kuɗin a sayen fuloti zai tafi, kuma a farashin da dillali ya ga dama.

Jihar nan ba baƙuwa ba ce ga shirye-shiryen da ke bai wa jama'a damar zaɓen aikin da suke so. Tun zamanin mulkin marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa jihar ta shiga shirin LEEMP na Bankin Duniya da kuma kashi na biyu na shirin Fadama, daga baya shirin CSDP ya biyo baya daga shekarar 2009, inda al'umma kan zaɓi aikinta, ta kafa kwamitin gudanarwa, ta kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko a kuɗi ko a kayan aiki ko a aikin ƙarfi. A shekarar 2024 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da Shirin Raya Al'umma wanda ya shafi dukkan mazaɓu 361 na jihar, tare da jami'ai da kwamitoci a matakin mazaɓa. Darasin da muka koya daga shirye-shiryen baya, wanda muke fatan sababbin kwamitocin za su riƙe, shi ne aikin da aka aza a kan filin da ba shi da takarda yakan zama abin rigima. Mun sha ganin inda wani dattijo ya bayar da gefen gonarsa kyauta aka gina ɗakin shan magani, da baki kawai, a gaban jama'a. Bayan rasuwarsa magada suka zo rabon gado, filin ya yi daraja, sai aka ce ai aro ne ya bayar. Ba lallai ne a ce magadan sun yi ƙarya ba, domin wasunsu ba a ma haife su ba a lokacin. Laifin na waɗanda suka karɓi kyautar ne ba su rubuta ba.

Don haka shawararmu ga kwamitocin mazaɓu, daga Maska da Dukke da Tudun Iya har zuwa Dayi da Ƙarfi da Yaba, ita ce kafin a kai ga muhawara a kan ko rijiya za a fara ko aji, a fara zama da masu unguwanni a lissafa filayen jama'a da ke mazaɓar: harabar kowace firamare, filin idi, maƙabarta, kasuwa, mashaya da wurin da ruwa ke bi. A auna su, a kafa musu duwatsu, a kai wa majalisar ƙaramar hukuma ta amince da su a zamanta, a shigar cikin kundin bayanan zama, a bai wa hakimi da shugaban makaranta kwafi. Makarantun firamare da yawa a karkara ba su da katanga, kuma kowace damina maƙwabta kan ƙara kunya ɗaya ko biyu zuwa cikin filin wasan yara, har a wayi gari garma tana juyawa a bakin tagar aji.

Batun burtali kuwa ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin al'amari, domin jini ya sha zuba a kansa. Tun shekarar 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma dattawa a kowane ƙauye sun san inda shanu ke bi zuwa mashaya. Inda aka nome burtali ko aka yanka shi fuloti, dabba ba ta da hanya sai cikin gonar wani, daga nan kuma sai ɓarna, sai tara, sai gaba. Ba muna cewa wannan ne kaɗai sanadin rashin tsaron da ya addabi yammacin yankin nan ba, domin abin ya haɗa da dalilai masu yawa. Amma yana daga cikin 'yan abubuwan da maganinsu ke hannun ƙaramar hukuma kai tsaye, tunda dokar 1978 ita ta bai wa ikon ware filin kiwo. Lokacin da ya dace a bi burtali a sake kafa alamominsa shi ne da rani, manoma da ardo-ardo da wakilin hakimi suna tsaye, kafin a yi shuka. Idan aka bari sai hatsi ya kai gwiwa sannan aka zo da jami'an tsaro a ce a sare, an riga an makara.

Wani zai ce duk wannan magana ce kawai muddin ƙananan hukumomi ba su da kuɗi a hannunsu. Akwai gaskiya a ciki. A ranar 11 ga watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai tsarin mulki ya sani, ban da kwamitocin riƙo. Aiwatar da ɓangaren kuɗin ya gamu da jinkiri da ja-in-ja a faɗin ƙasa. A nan jihar an gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 34 a watan Fabrairun 2025, don haka kowace mazaɓa tana da kansilan da jama'a za su iya tambaya. Abin lura shi ne, yawancin abubuwan da muka ambata ba kwangila ba ne. Kiran zaman kwamitin rabon filaye, karanta taswira, rubuta kyautar fili, zagaya burtali da kafa duwatsu, duk ba su kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Wataƙila ma rashin tsadarsu ne ya sa ba a cika ɗokin yin su ba, tunda ba aiki ne da ake yanka kyalle a buɗe shi ba.

Ga masu gonakin bakin gari kuma, hana su sayarwa ba zai yiwu ba, kuma ba adalci ba ne a ce mutum ya zauna da talauci a kan dukiyarsa. Abin da zai yiwu shi ne majalisa ta haɗa masu gonakin da ke maƙwabtaka da juna, ta gayyato ma'aikatan tsara birane na jiha a yi musu awo ɗaya, a fitar da tituna da magudanan ruwa da filin makaranta da na asibiti daga jimillar gonakin, kowa ya ɗauki nasa kaso na ragin daidai girman gonarsa, sauran fulotan kuma su koma hannun masu su. Manomi zai rasa wani yanki, amma fulotin da ke kan titi mai faɗi, wanda za a iya yi masa takarda, ya fi na cikin lungu tsada nesa ba kusa ba. Haka kuma ya dace majalisun Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi su nemi shawarar malaman gona na hukumar KTARDA a kan fadamu da gonakin da suka fi albarka, domin a karkatar da gine-gine zuwa tudu da fako, a bar ƙasar da ke ba da masara da tumatir da rake ta ci gaba da aikinta.

A ƙarshe muna tunatar da manoman da gonakinsu ke wajen da'irar birni cewa sashe na 36 na dokar ya amince da ci gaba da riƙon gonar da ake nomawa tun kafin 1978 tamkar an bayar da takarda a kanta, kuma ya ba mai ita damar kai zanen gonar ga ƙaramar hukuma domin a yi mata rajista da sunansa. Wanda yake da niyyar yin haka sai ya tuntuɓi sashen filaye a sakatariyar ƙaramar hukumarsa, tare da shaidar mai unguwa da dagaci da ta maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa. Idan gonar ta gado ce da ba a raba ba, a fara kammala rabon a gaban alƙali kafin a je, kuma duk kuɗin da aka biya a karɓi rasiɗinsa a adana.